Doki a hunturu: a rage masa hatsi ko a ƙara masa kilisa?

Da zarar an gama kaka iskar hunturu ta fara kaɗawa sai ka ji masu dawaki a nan Kebbi sun rabu gida biyu. Wasu su ce ai doki a komi, wato abin da ake zuba masa abinci a ciki, ake gyara shi, abin da ka zuba masa shi za ka gani a jikinsa, wasu kuma su ce a'a, ka ba shi duk abin da ya samu in dai ana fita da shi kilisa safe da yamma jikinsa zai daidaita da kansa. To wanda yake da doki ɗaya ko biyu a gida, ba barga irin ta sarauta mai yara da shamaki ba, dole ya san inda zai fi zuba ƙarfinsa, domin kuɗi da lokaci ba su isar mutum ya yi komai da komai. Ni dai a ganina komi ya fi sirdi ƙarfi wajen hawa da saukar nauyi, amma akwai abin da kilisa take yi wanda duk iya awon abincinka ba za ka same shi ba, kuma akwai dokin da in ka bi masa ta hanya ɗaya kawai cutar da shi za ka yi.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne sanyinmu ba irin na Turai ba ne. Yawancin shawarwarin da ake karantawa a intanet kan doki da lokacin sanyi daga Ingila da Amurka suke fitowa, can ciyawa takan daina tsiro, ƙanƙara ta sauka, doki ya riƙa ƙona kitsen jikinsa don ya ɗumama kansa, shi ya sa masu dawakin can suke ɗaukar lokacin sanyi a matsayin damar da dokin da ya yi teɓa zai saɓe. Doki lafiyayye ba ya fara kashe ƙarfi sosai wajen ɗumama jiki sai sanyi ya sauko wajen digiri 5 zuwa ƙasa, mu kuwa a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega sanyin asuba na Disamba da Janairu da ƙyar yake sauka ƙasa da digiri goma sha wani abu, rana ta ɗaga kuma a koma zafi. Mu ne muke rawar ɗari, shi dokin a wajensa wannan ne ma lokacin da ya fi jin daɗi a duk shekara, ba ƙuda sosai, ba sauro kamar na damina, ba zafin bazara. Sannan ga shi lokacin ya faɗo daidai da wadata, harawar wake da ta gyaɗa sabuwa fil kuma da araha, gero da dawa sun shigo gida, dusa ta yi yawa, maigida yana jin sanyi sai ya ɗauka dokin ma yana ji ya ƙara masa kwano guda. Saboda haka a wajenmu hunturu lokacin ƙiba ne ga dokin gida, ramar kuma tana zuwa ne daga Maris zuwa Mayu idan harawa ta yi tsada rana ta buɗe. Duk wanda zai yanke shawara sai ya riƙe wannan a ransa.

Kafin ma a zo maganar zaɓi, ka san dokinka a ina yake tsaye. Ido yana ruɗi wallahi, musamman yanzu da gashi ya ɗan yi kauri ƙura ta hau, kuma mu Hausawa muna son ganin ingarma ya cika sirdi wuya ya yi kauri kuturi ya yi ɓul-ɓul sai a ce ai dokin wane ya ƙoshi. Hannu za ka sa. Ka shafa tafin hannunka a kan haƙarƙarinsa, in kana jin ƙasusuwan da ɗan dannawa kaɗan amma daga nesa ba ka ganinsu, to wannan shi ne daidai. In sai ka tura yatsu da ƙarfi kafin ka ji ƙashi, ga kitse a bayan kafaɗa da gindin wutsiya, ga wani kwari ya fito a tsakiyar bayansa, to ya wuce. In kuma kana iya ƙirga haƙarƙarin daga bakin ƙofa to ya rame. Akwai ma'aunin da wani masani mai suna Don Henneke ya fitar a jami'ar Texas A&M ta Amurka a 1983, daga 1 zuwa 9, 1 shi ne wanda ya zama ƙashi da fata 9 kuma wanda kitse ya rufe ko'ina, ana son dokin hawa ya tsaya wajen 5. Wurare shida ake dubawa, wuya, doron kafaɗa inda gaban sirdi ke zama, bayan kafaɗa, haƙarƙari, gadon baya da gindin wutsiya. Wuyan nan ku kula da shi sosai, idan ƙarƙashin geza ya yi tudu ya yi tauri har yana neman kwantawa gefe ɗaya, wannan ba kyau ba ne, alama ce ta dokin da ke kusa da ciwon kofato.

Kuma katon ciki ba ƙiba ba ne. Doki zai iya yin tumbi haƙarƙarinsa a waje, wannan ko tsutsa ce ko kuma abinci marar amfani da yake cika masa hanji. Wanda ya ga tumbi ya rage wa irin wannan dokin abinci ya ƙara masa wahala ne kawai.

Tunda ba kowa ke da sikelin da zai ɗauki doki ba, tef ɗin tela ya isa. Ka auna zagayen ƙirjinsa daidai inda majayi, wato ɗamarar sirdi, ke kamawa, sannan ka auna tsawonsa daga gaban kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, duk da santimita. Ka ninka awon ƙirji da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880, abin da ya fito shi ne kusan nauyinsa a kilo. Misali ƙirji 165 tsawo 150 zai ba ka kilo 344 ko kusa da haka, kuma yawancin dawakinmu na gida a nan tsakanin 300 da 400 suke. Ba lallai ya zama cif ba, amfaninsa shi ne in kana yi duk sati biyu, a wuri ɗaya da safe kafin ya ci, za ka ga inda ake dosa tun kafin ido ya gani.

To yanzu maganar abinci. Doki yana cin busasshen abinci wajen kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a yini, wato mai kilo 350 yana buƙatar kusan kilo 7, kuma mafi yawansa ya kamata ya zama ciyawa ne da harawa ba ƙwaya ba. In ana son ya rage sai a sauko da shi wajen kashi 1.5, kilo 5 da ɗan ɗori ke nan, kar a yi ƙasa da haka sai da likitan dabbobi. Ka ga ke nan maganar dami ɗaya da safe dami ɗaya da dare ba ta da tabbas, damin wani ƙauye ya ninka na wani, kwanon awo ma ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Ka nemi ɗan sikelin rataye irin na masu sayar da kifi ko nama ka auna daminka da kwanonka ko sau ɗaya ne, da yawa in suka auna sai sun yi mamakin abin da suke zubawa.

Ga inda komi ya fi sirdi ƙarfi. Masana abincin dawaki sun ƙiyasta cewa dokin da ke aiki mai sauƙi, irin fitar awa ɗaya zuwa uku a sati mafi yawa tafiya da sassarfa, buƙatarsa tana ƙaruwa ne da kusan kashi ɗaya cikin biyar a kan ta wanda ke tsaye a turke, mai matsakaicin aiki kuma kashi biyu cikin biyar. Wannan kashi ɗaya cikin biyar ɗin ga doki mai kilo 350 bai kai ƙarfin da ke cikin kilo ɗaya na gero ko dawa ba. Ma'ana duk fitar da yaro ya yi da shi, in aka dawo aka ce ai ya sha wahala a ƙara masa rabin kwano, an mayar masa da abin da ya ƙona har da riba. Shi ya sa za ka ga doki kullum yana kan hanya amma ƙibarsa tana nan, mai shi yana ta mamaki. Kwashe kilo ɗaya na hatsi daga komi minti ɗaya ne, ba ya buƙatar mahayi ba ya buƙatar fili, kuma kuɗi ma yake rage maka. Ta wannan fuskar gaskiya babu haɗi.

Amma ragin abinci yana da haɗarinsa, kuma a nan ne aka fi ɓata dawaki. Cikin doki ƙarami ne in aka kwatanta da girman jikinsa, kuma yana zubo da ruwa mai tsami dare da rana ko da abinci ko babu, an halicce shi ne ya riƙa tsinka kaɗan kaɗan yawancin yini. In ka ɗaure shi a turke tun hantsi har magariba ba abin taunawa wai don ya rage, ruwan nan zai riƙa cin bangon cikinsa ya yi gyambo, sai ka ga ya fara cizon turke, yana cin ƙasa, yana faɗa idan an ja majayi. Cin ƙasa kuma a wurinmu mai yashi hanyar ciwon ciki ce kai tsaye. Don haka abin da ake ragewa hatsi ne da dusa, ba abin taunawa ba. Dokin da ya yi ƙiba kuma ba wani aiki mai nauyi yake yi ba zai iya rayuwa lafiya lau ba ƙwayar gero ko ɗaya, sai dai a janye a hankali cikin sati ɗaya zuwa biyu, domin ƙananan halittun da ke cikin hanjinsa masu narka ciyawa ba sa son canji na farat ɗaya. Sannan abin da aka auna masa na yini a kasa shi kashi huɗu ko biyar, kashi mafi girma da dare. Wasu suna sa harawar a cikin raga mai ƙananan ido su rataye don ya daɗe yana ja, dabara ce mai kyau in an rataye ta sama yadda ƙafarsa ba za ta shiga ba.

Harawa ma ai ba ruwa ba ce. Harawar wake da ta gyaɗa mai ganye kore abinci ne mai ƙarfi, ita kaɗai tana sa doki ƙiba in an sake masa. Ga mai neman ragi gara a haɗa, rabi harawa rabi busasshiyar ciyawa mai tsafta, ingirici ko burgun fadama da aka shanya ya bushe da kyau. Mu da Allah ya hore wa shinkafa mutane sukan tambaya ko karan shinkafa zai yi, zai iya shiga kaɗan don ya samu abin taunawa, amma yana da tauri ba ya narkewa da sauƙi, in ya yi yawa kuma dokin bai sha ruwa sosai ba sai ya cushe a hanji. Kar ya wuce ɗan kaso, a fara da kaɗan, kuma kar a ba tsohon doki mai matsalar haƙori.

Ita kuwa dusa mutane suna ɗaukarta kamar ba komai ba, ai dusa ce kawai. Dusar gero da ta masara da ta alkama duk suna da ƙarfi, dusar shinkafa tsantsa ma ta fi su maiƙo, sai dai wadda ake samu a ƙananan injina yawanci a gauraye take da ɓuntu wanda ba ya amfanar doki. Kuma dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa kalsiyam kaɗan, dokin da aka daɗe ana ɗura wa dusa ba harawa ƙasusuwansa suna laushi har fuska ta kumbura. Harawar wake da gyaɗa su ne masu kalsiyam ɗin, wannan wani dalili ne da ba a cire harawa gaba ɗaya ko da ana neman ragi.

Kada kuma a yi gaggawa. Ragin da ake so bai wuce kashi ɗaya cikin 100 na nauyinsa a sati ba, kilo 3 zuwa 4 ke nan iyaka ga irin namu, don haka aikin wata biyu ko uku ne, kusan tsawon hunturun duka. Dabba mai ƙiba in aka hana ta abinci kwatsam kitse yana malalowa cikin jini ya kama hanta, an fi ganin haka ga jakai da ƙananan dawaki irin ƙuru da goɗiya mai ciki ko mai shayarwa, kuma yana kisa. Goɗiya mai ciki da duƙushi mai tasowa ma dai a bar su daga wannan lissafin ragin, nasu daban ne.

Yanzu kilisa. Na ce ba ta ƙona abin da mutane suke zato, amma ba a nan amfaninta ya tsaya ba. Dokin da aka rage wa abinci kawai yana tsaye a turke zai sauke kitse ya sauke tsoka tare, ka same shi ya zube ta gadon baya, kuturi ya shafe, sirdi ya fara ci masa baya, ranar hawa kuma tun kafin a kai ƙofar fada ya jiƙe da gumi yana haki. Wanda ake fita da shi kullum kuwa kitsen ne ke tafiya naman ya tsaya ya yi tauri. Motsi kuma yana taimaka wa jikinsa wajen sarrafa sukari, wanda shi ne tushen ciwon kofaton da ke kama dawaki masu ƙiba, yana motsa hanji ya rage ciwon ciki, yana sauke kumburin ƙafa na tsayuwa, yana kuma kwantar wa ingarma da hankali, domin rabin faɗan da ingarmu suke yi zaman turke ne da ƙoshin gero. In kana da niyyar fita hawan Sallah, wadda a 'yan shekarun nan ƙaramar take faɗowa a watan Maris, ko hawan da ake yi lokacin bikin kamun kifi na Argungu da yakan zo wajen Fabrairu ko Maris, to babu awon abincin da zai ba dokinka numfashi, sai an fita. Hunturu kuma shi ne lokacin da ya fi dacewa da wannan aikin a duk shekara, in ka bari sai zafin Afrilu ka makara.

Sai dai ita ma tana da tsadarta, ba ta kuɗi kaɗai ba. Tana son mutum mai lokaci kullum, ba ranar Juma'a da yamma kawai ba. Mafi munin abu shi ne doki ya kwana biyar ko shida a ɗaure yana cin hatsinsa cikakke, rana ɗaya samari su zo su ɗauke shi a yi ta sukuwa, irin wannan ne za ka ga bayan ɗan lokaci ya ƙage, cinyoyin baya sun yi tauri kamar itace, gumi na zuba, fitsarinsa ya koma ja ko baƙi-baƙi. Tsokarsa ce ta lalace, kuma in haka ta faru ba a tilasta masa tafiya, a tsayar da shi a rufe shi a nemo likita. Duk ranar da doki ba zai fita ba a rage hatsin ranar, wannan ƙa'ida ce da ba ta da tsada.

Doki mai ƙiba kuma ba da gudu ake fara masa ba, nauyin da ke kansa ƙafafunsa ne ke ɗauka. Sati biyun farko tafiya ce mai kyau wadda yake miƙa ƙafa, minti 20 zuwa 30, sannan a fara sa sassarfa ta minti biyu uku ana komawa tafiya, a riƙa ƙarawa sati bayan sati har ya kai yana yin minti 40 zuwa awa ɗaya kwana biyar ko shida a sati. Doguwar sassarfa ta fi gajeriyar sukuwa amfani ga wannan aikin nesa ba kusa ba, sukuwar sai daga baya idan jiki ya ɗauka. Ƙasa ma abin dubawa ce yanzu, lakar fadama in ta bushe takan tsage ta yi ramukan kofaton shanu masu karya ƙafa, kwalta tana dukan gaɓoɓi, yashi mai zurfi kuma yana jan jijiya, hanyar gona mai ɗan yashi sama-sama ta fi. Ga kuma noman rani ya kankama a fadama, a kiyaye gonakin mutane don Allah, sannan ba ko'ina ake iya nisa da gari ba a halin da ake ciki. Wanda ba shi da mahayi ko fili zai iya sa masa doguwar igiya ya riƙa zagaya shi a fili mai faɗi minti 15 zuwa 20 yana juya hannu, amma kar da'irar ta yi ƙanƙanta don tana gajiyar da gwiwa.

Lokacin fita ma da magana. Ranar da hazo ya yi kauri ƙura ta cika iska, gudu yana tura ƙurar nan can cikin huhunsa, gara tafiya kawai. Ni na fi son hantsi idan rana ta ɗan fito ko la'asar sakaliya a kan fitar asuba. Kar a hau shi da ƙarfi sai an yi aƙalla awa ɗaya ko biyu da cin hatsi, amma ɗan harawa kafin fita yana da kyau don kar cikinsa ya zama wayam. In an dawo kuma minti goman ƙarshe tafiya ce, a sauke sirdi a goge gumin, kar a bar shi a jiƙe iskar yamma tana dukansa.

Akwai dokin da kilisa haramun ce a kansa har sai ya warke. In ka ga yana taka ƙasa a hankali kamar mai tafiya kan ƙaya, yana miƙa ƙafafun gaba yana jingina nauyinsa baya, kofato da zafi, ba ya son juyawa, to ciwon kofato ne ya kama shi, fita da shi ƙara raba kofaton da ƙashi ne. Wannan a cire masa hatsi nan take, a tsayar da shi kan yashi mai laushi a kira likita, a nan abinci ne kaɗai hanyar. Haka tsohon doki mai ciwon gaɓoɓi, tafiya a hannu ta ishe shi sauran aikin na komi ne.

Shi kuwa wanda ya shigo hunturu a rame lissafinsa ya juya. Kar a fara da ɗura masa gero, a fara tambayar me ya ramar da shi alhali abinci ya wadata. A ba shi maganin tsutsa daidai nauyinsa, ga amfanin awon tef ɗin nan, domin yawanci da ka ake ƙiyastawa a ba shi ƙasa da kima. A duba haƙoransa, in yana zubar da dunƙulen harawa da ya tauna ko kana ganin ƙwayar hatsi da yawa a kashinsa to turamensa sun yi kaifi suna son a goge. A duba kaska da ciwon da take kawowa. In gari ba likitan da ya saba da dawaki, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ba nisa ba ne daga Argungu ko Gwandu. Bayan nan sai a sake masa harawa mai kyau ya ci iya cinsa, hatsi kuma a kasa shi sau uku, kar ya wuce kilo ɗaya da rabi a zama ɗaya ga doki mai kilo 350, don abin da ya wuce haka yana zarcewa babban hanji bai narke ba ya yi tsami, daga nan ciwon ciki da ciwon kofato suke tasowa. Ɗan man gyaɗa a kan dusa, a fara da cokali biyu a ƙara a hankali, yana ƙara masa ƙarfi ba tare da cika masa ciki da ƙwaya ba. Shi kilisarsa tafiya ce mara nauyi don ya ji yunwa naman ya zauna inda ya dace, kuma shi ne ya cancanci a rufa masa bargo ko buhu da dare a kare shi daga iska, ba mai ƙiba ba. Hawa mataki ɗaya a ma'aunin nan na 1 zuwa 9 yana cin wajen wata biyu, wanda ya ce zai cika maka doki a sati biyu kafin Sallah ruwa da tumbi zai ba ka.

Ko wace hanya ka ɗauka ruwa ne ke riƙe ta. Abincin hunturu duk busasshe ne, iska busasshiya, ruwan da ya kwana a waje kuma yakan yi sanyi doki ya sha kaɗan ya bari, daga nan sai kashi ya fara fitowa ƙanana masu tauri, in ba a lura ba hanji ya toshe. Dokinmu yana buƙatar lita 20 zuwa 30 a yini ko fiye in yana aiki. A bar masa ruwa a gabansa koyaushe, da safe a sirka masa da ɗan na zafi, a sa gishiri cokali ɗaya ko biyu a abincinsa don ya ji ƙishi. Kanwar da muka gada ana ba dawaki ba na hana ta, amma kaɗan, kuma ba ta maye gurbin gishiri. Yayyafa wa harawa ruwa kafin a zuba yana kwantar da ƙura ya rage tari.

To in dokinka ya wuce kima kaɗan, ƙafafunsa lafiya, kana da yaro mai hankali da zai fita da shi kullum, ka bar harawarsa yadda take ka rage hatsin zuwa rabi ka sa ƙarfinka a kilisa, nan da Fabrairu za ka ga doki. In ya yi ƙiba sosai wuya ya yi tudu, ko ba ka da mai fita da shi sai jefi-jefi, to komi za ka kama, hatsi ya fita gaba ɗaya, a auna harawa a haɗa da ciyawa, tafiyar da ta samu a yi. Abin da ba na so shi ne a matsa wa doki ragi har ya shiga bazara yana mataki na 4 a ma'aunin Henneke, domin daga Maris abinci zai yi wuya zafi zai rage masa ci, gara ya fita hunturu yana 5 ko ya ɗan haura kaɗan.

Kuɗin hatsin da ka rage kuma kar su tafi wani wuri, ka sayi harawa da su yanzu da take da araha ka ajiye. Ka zaɓi mai ganye wadda ba ta sha ruwan ƙarshen damina ba, ka buɗe tsakiyar damin ka sansana, in akwai warin rima ko farin ƙura na fumfuna ka bar ta komai arharta, haka masara ko dawar da ta yi fumfuna ba a ba doki ko kaɗan don tana taɓa masa ƙwaƙwalwa. Gyauron dawa ɗanye da ke fitowa bayan girbi shi ma a tsare shi daga gare shi in an fita ta gonaki, guba ne. Ajiyar kuma a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara, a sa ta a inuwa inda iska ke ratsawa, don wadda aka bari a saman rufi rana tana dukanta wata uku ganyen yakan kaɗe ya bar maka kara.